Wai yaya ake kai wa tsibirai wutar lantarki ta ƙarƙashin teku, kuma me ya hana a yi wa kowane tsibiri?

Autan_Mama:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ilimin lantarki a cikinmu ku taimaka min da wannan, ku yi haƙuri in tambayar ta yi kama da ta yara. Na ji ana cewa akwai tsibiran da ba su da tashar wuta tasu ta a zo a gani, daga babbar ƙasa ake jawo musu wutar ta cikin teku, kilomita ɗari ko fiye ma wai, kuma wayar tana kwance a ƙasan ruwa shekara da shekaru. To ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, ruwa da wuta ai ba sa ga maciji, balle ruwan gishiri da ke cin ƙarfe, ta yaya wayar ba ta lalacewa, kuma ba ta kashe kifaye? Sannan in dai har abin yana yiwuwa me ya sa har yanzu tsibirai da yawa suke fama da janareton dizal, ana loda musu mai a jirgin ruwa da tsadar tsiya, me ya hana a ja wa kowa waya a huta? Ko kuɗi ne matsalar ko fasahar ce ba ta kai ba? Wani abokina kuma ya ce min duk ɓarnar kuɗi ne yanzu, a sa musu sola da batir kawai shikenan, mun yi ta musu har muka gaji ba wanda ya kada wani. Wanda ya sani ya fahimtar da ni don Allah, amma da Hausar da zan gane ba ta littafin jami'a ba.

Injiniya_Kebul:

Wa alaikumus salam ƙanina, tambayar nan ba ta yara ba ce ko kaɗan, manyan gwamnatoci ma a kanta suke ta kai ruwa rana. Abin an jima ana yinsa fa. Tun 1954 ƙasar Suwidin ta haɗa tsibirin Gotland da babbar ƙasa da kebul na ƙarƙashin teku, tsawonsa ya kusa kilomita 100, yana ɗaukar megawat 20 kacal, kamfanin ASEA ne ya yi aikin, kuma shi ne layin HVDC, wato na wutar DC mai ƙarfi sosai wadda hanya ɗaya take bi, na kasuwanci na farko a duniya. Yanzu kuwa akwai irin su Viking Link tsakanin Birtaniya da Denmak mai kilomita 765 da megawat 1400, wanda aka kunna a ƙarshen 2023, ka ga an yi nisa.

Batun ruwa kada ya dame ka, abin da ke ƙasan teku ba irin wayar da ke kan falwaya ba ce. In aka yanka kebul ɗin ka leƙa bakinsa za ka ga zobe cikin zobe ne. A can tsakiya akwai cibiyar ta jan ƙarfe ko alminiyam, ita ke ɗaukar wutar, a bayanta akwai rufi mai kauri wanda ke hana wutar fita, ko dai wata roba ta musamman da ake kira XLPE ko kuma takarda da aka yi ta naɗawa fala-fala aka jiƙa ta da wani mai mai kauri, eh takarda, kuma har gobe ana amfani da ita a manyan layuka masu zurfi don an gwada ta shekaru da dama an ga ƙarkonta. Bayan wannan sai rigar dalma wadda ba ta da ɗinki ko ɗaya, ita ce ke tare ruwa, sai roba kuma, sai sulke na wayoyin ƙarfe da aka murɗa a kewaye don kebul ɗin ya jure ja da gogar dutse, a waje can sai zare da kwalta. Mita ɗaya tak na kebul ɗin yakan kai kilo 40 ko 50, masu cibiya uku ma sukan kusanci kilo 100. Sau da yawa ana cusa siririyar wayar faiba a ciki, da ita ake sanin zafin kebul ɗin daga tudu, in wani wuri ya fara ɗumi fiye da ƙima za a gani. A yawancin layukan yanzu wutar ba ta taɓa ruwan kwata-kwata, saboda haka kifi ya yi ta shawaginsa, abin da ke fita kawai ɗan maganaɗisu ne wanda yake raguwa sosai da ka matsa 'yan mitoci.

Inda gizo ke saƙar shi ne nisa. Wutar da ake rarrabawa a gidaje AC ce, mai zuwa da komowa sau 50 ko 60 a kowane sakan. A kan falwaya ba ta da damuwa don wayoyin suna nesa da juna kuma suna nesa da ƙasa, amma a cikin kebul cibiyar da rigar dalmar 'yan santimitoci ne tsakaninsu, sai kebul ɗin da kansa ya riƙa riƙe caji. Ka ɗauka doguwar tiyo ce ta ban ruwa wadda duk lokacin da za ka tura ruwa sai ka cika ta tukuna, kafin ya fita ta ɗaya bakin an ce ka zuƙe shi ka sake turawa, sau hamsin a sakan, to in tiyon gajeriya ce ba komai amma in ta yi tsawo duk ƙarfinka a cikawa da zuƙewa zai ƙare, wanda ke can ƙarshe ba abin da zai samu. Shi ya sa kebul na AC ba ya wuce wani iyaka, kilomita 100 da 'yan kai an fara shan wahala, sai an kafa wasu manyan na'urori masu kama da taransifoma a bakin gaɓa biyun suna shanye wannan cajin. Na Isle of Man zuwa Ingila kilomita 104 ne, na Malta zuwa Sisili wajen 120, na Kirit zuwa yankin Peloponnese a Girka wanda aka gama a 2021 shi ne ya kai 174 in an haɗa da na tudu, kuma wannan ɗin an yi ta yayata shi a matsayin abin bajinta.

In nisan ya wuce haka sai a koma DC, wadda hanya ɗaya take bi, sau ɗaya za ta cika kebul ɗin ta wuce abinta, asarar kan hanya ma kaɗan ce, wajen kashi 3 cikin 100 a kilomita dubu. Amma fa ba a banza ba, dole ka gina tashar juya wuta a kowane gefe, ɗaya ta mayar da AC zuwa DC ɗaya ta dawo da ita AC, kowacce gini ne makeke cike da kayan lantarki masu ɗan karen tsada, kuma kuɗin ginin ba ya raguwa sosai don tsibirin ƙarami ne. Nan ne amsar tambayarka ta biyu take, fasahar ta kai, lissafin ne ba ya fita a ko'ina.

Sai zurfi. Jirgin yana sakin kebul ɗin ne daga bayansa yana tafiya a hankali, ƙasa da tafiyar ƙafa ma, to duk abin da ke tsakanin jirgin da ƙasan teku a rataye yake, in zurfin ya kai kilomita ɗaya da rabi ka lissafa nauyin da ke rataye a wuyan kebul ɗin, tan da yawa ne, zai iya tsinke kansa da kansa. Layin SAPEI na Sardiniya zuwa Italiya ya sauka har mita 1600 da wani abu, na Mayorka zuwa babbar ƙasar Sifen ya kusa 1500, yanzu kuma an fara yin sulken da zaren roba mai ƙarfi maimakon ƙarfe don a rage nauyi a ƙara nutsawa. Jiragen da ke iya wannan aikin a duniya ba su da yawa, akwai Leonardo da Vinci na kamfanin Prysmian da Nexans Aurora, kowanne da wani ƙaton faifai mai juyawa a cikinsa wanda ake naɗe kebul tan 10,000 a kai, lodin kawai sai ya ci makonni a bakin masana'anta.

Tsohon_Matuƙi:

Injiniya Allah ya ƙara basira, ka yi bayani, amma ka tsallake wajen da ni ya fi damuna, wato ranar da abin ya lalace. Yaro, ka saurara da kyau. Ba gishiri ne ke kashe waɗannan wayoyin ba, mu ne, mutanen ruwa, mafi yawan ɓarnar daga angar jirgi take zuwa da kuma masu kamun kifi da ke jan raga a ƙasan teku. Anga ta babban jirgi tan nawa ce, iska ta taso da dare jirgin ya fara ja da baya angar tana karta ƙasa, duk abin da ta ci karo da shi sai ta tafi da shi, matuƙin ma wani lokacin bai san ya yi ba sai an zo ana tuhumarsa. A taswirar teku ana zana layin kebul da jan-algashi an rubuta kada a jefa anga, amma taswira ba ta riƙe jirgi in guguwa ta zo. Shi ya sa a wurin da ruwa bai da zurfi ake binne shi mita ɗaya zuwa biyu, ko da garma ta ƙarƙashin ruwa ko da na'urar da ke fesa ruwa da ƙarfi ta narkar da yashin kebul ɗin ya nutse, inda dutse ne kuwa sai a zuba masa tsakuwa a kai ko a shimfiɗa masa tabarmin kankare.

Duk da haka yana faruwa. Malta a watan Disambar 2019 anga ce ta kama kebul ɗinsu, ƙasar ta yi ta fama da ɗauke wuta, sai da aka shafe watanni kafin ya dawo. Na Estlink 2 tsakanin Finlan da Istoniya ranar Kirsimetin 2024 aka tsinka shi, jirgin dakon mai Eagle S aka kama a kai, gyaran bai kammala ba sai tsakiyar 2025, su dai Allah ya taimake su suna da wasu layukan. Wanda ba shi da wani layin fa? Ka tambayi mutanen Zanzibar. Kebul ɗaya ne ya haɗa su da babbar ƙasar Tanzaniya tun wajen 1980, a Disambar 2009 ya samu matsala, tsibirin ya zauna kusan wata uku babu wuta, kuma in babu wuta famfunan ruwa ma sun tsaya, otal-otal da asibitoci sai janareto dare da rana, talaka kuwa ko oho, sai 2013 aka sa musu sabo mai megawat 100.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma na Tasmaniya ne, don su ba talakawa ba ne, Ostireliya ce. Layin Basslink da ya haɗa su da babbar ƙasa ya mutu a Disambar 2015 a daidai lokacin da ake fari, su kuma da madatsun ruwa suke samun yawancin wutarsu, ruwan madatsun ya yi ƙasa har ya gaza kashi 15 cikin 100, dole aka yi ta jigilar janaretocin dizal na haya zuwa tsibirin, aka roƙi manyan masana'antu su rage aiki, kebul bai dawo ba sai Yunin 2016. Wata shida cur. To ni ra'ayina, duk wanda ya zo ya ce wa mutanen tsibiri ga waya nan ku kwance tsohuwar tasharku ku sayar da ƙarafan, wallahi ba masoyinsu ba ne.

Autan_Mama:

Kai Baba ka tsorata ni wallahi. To amma me ya sa gyaran ke ɗaukar wata shida, ba ɗaga wayar za a yi a ɗaure ta a mayar ba? Kuma in dai sai an bar tsohon janareton yana nan ana kula da shi, to ina ribar, ba an biya kuɗi sau biyu ba kenan? Da alama abokin nan nawa mai cewa sola shi zai ci musun nan.

Malama_Mai_Lissafi:

Auta kada ka yi saurin sallamawa, kai da abokinka kowa yana da rabin gaskiya ne, tsibiri suna ne kawai amma ba ɗaya suke ba. Janareton da ke ajiye ana tayar da shi lokaci-lokaci don kada ya yi tsatsa, da wanda ke shan mai awa 24 kullum, kuɗinsu ba ɗaya ba ne, man shi ne ke cinye dukiyar ba injin ba. Ka ɗauki Kirit, mutum sama da dubu 600 ga miliyoyin 'yan yawon buɗe ido da rani kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, shekara da shekaru da baƙin mai da dizal suke yin wuta, kuma a Girka ba a barin ɗan tsibiri ya biya ainihin tsadar shi kaɗai, ana raba ƙarin ne a kan takardar kuɗin wutar kowa da kowa a ƙasar, ɗaruruwan miliyoyin Yuro duk shekara. To babban layin DC da aka ja daga yankin Atika kusa da Atens zuwa Kirit, kilomita 335, megawat 1000, ya ci sama da Yuro biliyan 1, amma in ka dubi abin da ake ƙonawa a mai duk shekara cikin 'yan shekaru kaɗan zai fanshi kansa, kebul kuma ana sa ran ya yi shekara 40. Nan babu wani musu, ko ɗan firamare zai yi lissafin. Haka suka ja wa tsibiran Siros da Faros da Mikonos kebul a 2018, Naksos ta biyo baya.

Akwai kuma wani abin da ba a faɗa ba tukuna, wayar ba kawo wuta kaɗai take yi ba, tana fitar da ita ma, wani lokacin ma don fitarwar aka yi ta. Shetland da ke can arewacin Sikotlan mutanenta dubu ashirin da 'yan kai ne, buƙatarsu ko megawat 50 ba ta kai ba, amma a 2024 aka kunna musu kebul mai megawat 600 tsawon kilomita 260, kana ganin don fitilun gidajensu aka yi? Ina, iska ce da su irin wadda ba a cika samu a ko'ina ba, aka kafa fankokin samar da wuta daga iska guda 103 a wata tasha da ita ma ake kira Viking, masu megawat 443, kebul ɗin shi ne hanyar kai kayan kasuwa, su kuma suka samu haɗi da babbar ƙasa a karon farko a sanadin haka. Ko da yake in ka bibiyi maganar mutanen wurin da yawa suna ƙorafi, ga fankoki sun cika musu tuddai ga kuɗin wuta bai sauka yadda suka zata ba, kuma ni ina ganin suna da hujja, wannan rigimar rabon riba ce ba ta injiniyoyi ba. Maƙwabtansu na Orkney kuwa matsalarsu akasin haka ce, suna samar da wutar iska fiye da abin da suke sha amma tsofaffin kebul biyun da suke da su ƙanana ne, sai a riƙa tsayar da fankoki ana ji ana gani iska tana wucewa a banza.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne ƙaramin tsibiri mai nisa. Ta'u da ke Samowa ta Amurka mutanenta 'yan ɗaruruwa ne, a 2016 aka sa musu sola megawat 1.4 da batura masu ajiye megawat-awa 6, kusan duk wutarsu daga nan take, wa zai ja musu kebul a tsakiyar tekun Fasifik, daga ina ma za a jawo? Tokelau tun 2012 suka koma sola. El Hierro a tsibiran Kanari su dabararsu daban ce, fankokin iska ne ke tura ruwa sama zuwa wani tafki a ramin tsohon dutse mai aman wuta, in iska ta kwanta a sako ruwan ya juya injin, amma ko su ɗin ba su rabu da dizal gaba ɗaya ba, akwai watannin da iskar ba ta wadatarwa. Kuma farashin batir ya faɗi warwas cikin shekaru goman nan yayin da na kebul yake hawa, don masana'antun ƙalilan ne, Prysmian da Nexans da NKT da wasu 'yan kaɗan a Japan da Koriya da Sin, kuma masu gina fankokin iska a teku sun cika musu littafin oda na shekaru masu zuwa, ƙaramar gwamnati ta zo da odar kilomita 60 sai ta bi layi. Saboda haka akwai tsibiran da shekara 15 baya kebul ne ya dace da su amma yau in aka sake lissafi sola da batir ne za su ci.

Abin da batir bai iya ba har yanzu shi ne riƙe babban gari mai masana'antu tsawon mako biyu na hadari ba rana, batir na awoyi ne, ka ce kwana ɗaya ko biyu in an kashe kuɗi sosai.

Injiniya_Kebul:

Baba na karɓi gyara, Malama kuma kin rage min aiki. Auta bari in ba ka yadda gyaran yake ka ga inda watannin suke tafiya. Da farko sai an gano wurin, daga tudu ake aika wata 'yar wuta cikin kebul ɗin a auna lokacin da za ta buga wurin ɓarnar ta dawo, wannan zai ba ka wajen da ake zato amma kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a layin kilomita 300 kilomita 3 ne fa, kuma abin yana binne cikin laka, wani lokacin ramin da wutar ta huda bai fi kan yatsa ba, ba abin da kyamara za ta gani daga waje. Sannan a nemo jirgin da ya dace, wanda wataƙila yana wata nahiyar yana wa wani aiki, a loda masa guntun kebul na ajiya irin wancan sak, in mai layin bai ajiye ba tun farko to ya shiga uku don sai an ƙera masa sabo.

Jirgi ya iso, a saukar da mutum-mutumin nutso ya tone kebul ɗin, a yanka shi a ƙasa, a ɗago baki ɗaya sama. Ruwa ya riga ya shiga ta wurin hujin ya bi cikin cibiyar, sai an yi ta yankewa ana dubawa har a kai inda yake a bushe, a gwada, a toshe bakin a ɗaura masa alama a mayar ruwa, a je a ɗago ɗaya bakin a yi masa haka. Sai haɗin kansa, wanda a cikin wani ɗaki ake yinsa a kan jirgin, mai tsabta ba ƙura ba danshi, masu haɗin suna walda cibiyar sannan su sake gina rufin da hannu fala bayan fala, ƙwayar ƙura ɗaya in ta maƙale a ciki nan wutar za ta sake hudawa bayan an kunna. Haɗi ɗaya yakan ci kwanaki har mako, biyu kuma ake yi, kuma duk tsawon lokacin kebul ɗin yana rataye daga jirgin zuwa ƙasa, jirgin ba zai gusa ba, in teku ta yi fushi a tsakiyar aikin dole a yanke a saki a jira a sake daga farko. A tekun arewa da hunturu sai ka yi wata kana jiran kwana goma masu lafiya a jere. Da yake guntun da aka ƙara ya sa layin ya fi da tsawo, ba ya komawa a miƙe, kwantar da shi ake yi gefe a lanƙwashe, a sake binnewa.

Shi ya sa ƙa'idar masu tsara layuka ita ce ko wane abu ɗaya ya faɗi kada wuta ta ɗauke. Ko dai kebul biyu da aka raba musu hanya da nisa yadda anga ɗaya ba za ta kwashe su tare ba, ko kebul ɗaya da tashar ko-ta-kwana a tsibirin. Jeju ta Koriya ta Kudu layinta na farko a 1998 aka kunna shi, ba su tsaya nan ba suka ƙara na biyu, suka ƙara na uku. Minorka ta Sifen kuwa da tsohon kebul ɗinta ya mutu a 2017 aka bar ta ita kaɗai, a Oktoban 2018 guguwa ta kayar da falwayoyin cikin tsibirin, sashe babba ya kwana biyu a duhu don babu ta inda za a kawo ɗauki, sai 2020 sabon ya fara aiki. Kuma sababbin tashoshin juya wuta na yanzu suna da wani amfani da tsofaffin ba su da shi, za su iya tayar da tsibirin da ya mutu murus daga sifili, tsofaffin sai sun tarar da wuta mai ƙarfi a can kafin su iya aiki.

Ɗan_Kallo:

Ni dai karatu nake ina ƙaruwa, amma ku bar ni in jefa ɗaya, akwai inda ba kuɗi ba ne ba kuma fasaha ba, mutane ne. Saifurus ita ce ƙasar Tarayyar Turai da ta rage ba a haɗa wutarta da kowa ba, an tsara kebul daga Kirit wajen kilomita 900 ta cikin ruwan da zurfinsa ya kai mita 3000 a wasu wuraren, Tarayyar Turai ta ware ɗaruruwan miliyoyin Yuro, an ma fara ƙera kebul ɗin, amma aikin auna ƙasan tekun ya cije saboda Turkiyya ta ce wani sashen ruwan hurumin ta ne, ga kuma jayayya tsakanin Girka da Saifurus kan wa zai biya nawa. Hawai ma fa Amurka ce guda amma har yau kowane tsibiri da nasa layin, an sha kawo maganar haɗa su, a wani lokacin don a kai wutar fankokin Lanai da Molokai zuwa Oahu, mutanen ƙananan tsibiran suka ce ba za a cika musu ƙasa da fankoki don a haska birnin wasu ba, maganar ta mutu, wutarsu kuma ita ce mafi tsada a cikin jihohin Amurka. Filifin su sun daure, sun haɗa Luzon da Bisayas tun 1998, Mindanao kuwa sai a 2023 aka ƙulla ta da layin megawat 450. Injiniya in ka samu sarari ka yi mana bayanin yadda kebul ɗin ke fitowa tudu, don na ji an ce a bakin gaɓar ne rigima da masunta da masu otal ta fi yawa, har sai an huda ta ƙarƙashin rairayin an zura shi ba tare da an tone saman ba.